Tsohuwar Marsandi 190 mai bawul 16 da wahalar riƙe ta

Mutane da yawa in sun ga motata sai su ce ai 190 ce, irin wadda aka cika mu da ita ta Kwatano shekarun baya. Bodin kam ɗaya ne, amma tawa, 190E 2.3-16, wata aba ce daban. Marsandi ta fara sayar da ita a 1984, kan injin kuma kamfanin Cosworth na Ingila ne ya ƙera shi da bawul 16, yana ba da ƙarfin doki 185, wanda a wancan zamanin ba ƙaramin abu ba ne a mota ƙarama haka. Tun kafin ta shigo kasuwa, a watan Agusta 1983, an gwada ta a filin Nardo na Italiya ta yi kilomita 50,000 cikin awa 201 da 'yan mintuna, kuma da irinta Ayrton Senna ya ci tseren buɗe sabon filin Nürburgring na Jamus a 1984, Niki Lauda na biye da shi. Duka-duka waɗanda aka ƙera ba su kai 20,000 ba, alhali 190 gaba ɗaya an yi kusan miliyan biyu.

To wannan ƙarancin shi ya sa sai ka buɗe ido wajen saye, don akwai masu ɗaukar 190 ta gama-gari su manna mata robobin gefe da ɗan fiffiken but su ce ita ce. Kada ka biye wa bakin dillali, duƙa ka karanta lambar shasi da kanka, ta gaskiyar tana farawa da WDB201034. Leƙa ciki kuma, kujerun baya na mutum biyu ne kowa da tasa, sannan ƙasan rediyo akwai ƙananan mita uku, na zafin baƙin mai da na batir da agogon ƙirga lokaci. Giyarta ma daban take, giya ɗaya tana hagu ta ƙasa inda hannunka ya saba samun giya biyu, shi ya sa ba na ba yaran wankin mota makulli. Ka sa a ɗaga ta a duba wajen sa jak da ƙarƙashin robobin nan, don ta sha gishirin titunan Turai kafin ta zo, tsatsa a nan take ɓuya.

Amma wallahi sayen shi ne mai sauƙi. Abin da ke kashe irin waɗannan motoci a wajenmu gyaran a-tashi-a-tafi ne, ba tsufa ba. Mota ta fara shan mai ko tana kakarewa da safe, kafin a auna komai sai ka ji an ce a cire injekta a ɗora kafireta, ta yi zafi a ce a cire tamostat a cika lagireto da ruwan rijiya, bayanta ya zauna a ce a toshe layin haidirolik ɗin da ke daidaita tsayinta a sa shokozoba ta gama-gari, kowanne ɗaya zai tashe ka a ranar amma bayan shekara biyu abin da ke hannunka gangar jiki ce kawai. Ni ba na ganin laifin bakanike shi kaɗai, mai mota ne ke cewa oga yi mini mai sauƙi. Tsarin manta Bosch KE-Jetronic ne, yana son a sa geji a auna ƙarfin mai kafin a taɓa komai, bawul ɗinta kuma sai an riƙa auna su ana saitawa, kuma sarƙar taimin layi ɗaya ce, sai a ƙanwarta 2.5-16 ta 1988 aka mayar da ita biyu, don haka in ka ji tana ƙara da safe kada ka jira. Nawa bakanike dattijo ne, tun yana yaron gareji yake kan Marsandi, in na matsa masa sai ya ce Alhaji ka bar ta ta kwana, gobe na auna ta injin yana sanyi. Haka nake barinta.

Kayan bodi, fitila, gilashi, hannun ƙofa, waɗannan za ka iya dacewa a Ƙofar Ruwa ko Panteka tunda ɗaya suke da sauran 190, kodayake su ma suna raguwa don 'yan gwangwan sun cinye da yawa. Na kan inji da robobin gefe kuwa sai dai oda daga Jamus ko Ingila, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 aka kuma cire tallafin mai, abin ya zama sai da lissafi. In na samu abu mai kyau ina saye na ajiye ko ban buƙace shi yanzu ba.

Rana ce babbar abokiyar gabarta a nan, tana fasa dashbod tana busar da duk wata roba, saboda haka a rumfa take kwana, lokacin hunturu kuma ina yawan duba iya filta saboda ƙura. Kuma ba na yarda ta zauna, duk sati ina fita da ita hanyar Zariya da sassafe, sai mitar baƙin mai ta hau sannan na taka ta sosai, daga juyin inji 4,000 a minti zuwa sama ne muryar injin take buɗewa. An sha yi mini tayi, na ce ba ta sayarwa ba ce. Yanzu haka famfon haidirolik ɗin da ke daidaita tsayin bayanta nake nema, na asali, ko na hannu ne in dai ba ya yoyo.