Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Aka Buga Mini Ƙofa

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya ne a inda 'yan ɓangarenmu suka zaɓe ni wakiliyarsu a ɗakin kwanan ɗalibai mata, farkon shekarar 2017, ina aji uku a jami'a a nan Kano.

Bayan zaɓe aka tara mu a ofishin kula da harkokin ɗalibai, aka miƙa wa kowace takardar dokoki. A hana girki da hita a cikin ɗaki, a rufe ƙofar gini ƙarfe goma na dare, a kai rahoton 'yan raɓe, a sasanta rigimar layin famfo. Maganar rashin lafiya ko gobara kuwa layi ɗaya ce tak a ƙasan shafi: a sanar da fota, wato ma'aikaciyar da ke kula da ginin. Shi ke nan horon da muka samu, aka ɗora mana amanar 'yan mata sama da ɗari.

Fotarmu dattijuwa ce mai kirki, Mama muke ce mata. Ranar da na roƙe ta ta buɗe mini akwatin taimakon gaggawa, abin da na gani auduga ce, da farasitamol 'yan ƙwayoyi, da kwalbar aidin da ta bushe ƙayau. Ta ce, "'Yata, haka na gaje shi." Ita ma babu wanda ya taɓa koya mata komai a shekarun da ta yi tana wannan aiki.

Wani dare cikin sanyin hunturu, an ɗauke wuta, wajen ƙarfe biyu, na ji ana dukan ƙofata kamar za a ɓalla. "Anti! Anti ki taso, 'yar ɗakinmu ta faɗi!"

Na tarar da ita a ƙasa, a kan siminti, tsakanin gadaje biyu masu hawa. 'Yar aji ɗaya ce, shiru-shiru, ko gaisuwa a hankali take yi. Jikinta na fizga, ƙeyarta na bugun ƙasa, kumfa na fita ta gefen baki, ga risho da tukunyar ruwa daf da ƙafarta. Fitilun waya sun fi goma a kanta, amma babu hannu ko ɗaya da ya taɓa ta. Wata na cewa iska ce ta buge ta, a kira mai ruƙiyya. Wata daga baya tana ɗaga murya, "Kar ku taɓa yawun, ɗauka ake yi!" Wata ta taho da cokali za ta cusa mata a baki don kar ta haɗiye harshe. Duk suka zuba mini ido, domin ni ce wakiliya, ni ce aka ce a kira. Ni kuwa duk abin da aka ba ni a hannu shi ne waccan takarda.

Allah Ya kawo mana wata 'yar aji huɗu mai karatun aikin jinya daga ɗakin ƙarshe. Ta ratsa mutane ta durƙusa. "Ku ja baya ta sha iska. Ke, ajiye cokalin nan. Anti, duba agogo ki riƙe mini lokaci." Ta ninke hijabinta ta sa mata ƙarƙashin kai, ta ture rishon da ƙafa, ba ta danne ta ba, ba ta yayyafa mata ruwa ba. Da fizgar ta lafa sai ta juya ta a kan gefe ɗaya, ta share mata baki da hannunta, kowa yana kallo.

A nan tsugune ta yi mini bayanin da ya kamata a ce na ji tun ranar da aka ba ni muƙami. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokali kuwa haƙori yake karyawa. Yawanci tana sakin mutum cikin minti biyu zuwa uku, amma idan ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, to sai asibiti ba jira. Ko rufe baki ba ta yi ba yarinyar ta sake sandarewa.

Fitar da ita ya fi komai wahala a daren. Ƙofar gini da kwaɗo, sai da aka taso Mama ta lalubo makulli. Lambar motar asibiti da ke manne a allon sanarwa ta tsufa, ba ta shiga. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, adaidaita sahu kuma ba a samunsa a bakin makaranta a irin wannan lokaci. Maigadi ne ya ruga gidajen ma'aikata ya taso wani malami, ya fito da jallabiya ya sa mu a motarsa. Titin Zariya fayau, har muka shiga sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ina rungume da kanta a cinyata. Aka yi mata allura, kafin asuba ta buɗe ido.

Da ta dawo hayyacinta ta shaida mini tun tana ƙarama take da ciwon, tana shan magani, ya ƙare mata, kuɗin saye bai zo daga gida ba. Ba ta faɗa wa kowa ba don tsoron kar 'yan ɗaki su guje ta, kar kuma magana ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Na yi kuka a wurin. Mun san adadin hitar da ke ɓoye a kowane ɗaki, amma ba mu san wadda ke kwana da ciwon da zai iya kashe ta ba.

Ina so a fahimce ni a kan maganar addu'a. Ni Musulma ce, a cikin motar nan bakina bai daina karatu ba. Amma addu'a ba ta hana a juya mutum a kan gefensa, ba ta hana duba agogo. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a tsaya ana gardamar aljani ne ko ba aljani ba alhali kan yarinya na bugun siminti.

Bayan wannan na sayi ƙaramin littafi na bi ɗaki-ɗaki, ina keɓe kowace in tambaye ta a asirce. Na sami masu sikila, na sami masu asma, wata ma abin shaƙarta ya ƙare tun kafin hutu. Na rubuta lambar iyaye da sunan maganin kowace, littafin kuma ba ya barin jakata.

Zafi na shigowa sai ga labarin sanƙarau daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, nau'in C, wanda ya ci rayuka fiye da 1,000 a ƙasar nan a wannan shekara. Mu kuma ɗakin mutum huɗu mutum takwas ke kwana a ciki, numfashin wannan a fuskar waccan. Babu wanda ya tara mu ya ce ga alamunsa. 'Yar jinyar nan ce ta rubuta a kwali muka manna a bakin banɗaki: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, a tafi asibiti nan take, kar a ce maleriya ce a sha farasitamol a kwanta.

Sai kuma na fara ganin ginin da wani ido. Tagogi duk da ƙarfen hana ɓarayi. Ƙofar baya an ɗaure ta da sarƙa, ba wanda ya san inda makullinta yake. Tukunyar kashe gobara ɗaya ce a hawanmu, wa'adinta ya wuce, kuma a cikinmu wakilai babu wadda ta san ana zare fil kafin a matsa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 tana nan a idon kowa, amma namu ginin mai ƙofar fita ɗaya bai dami kowa ba.

Na tattara sauran wakilai muka yi karo-karo, muka nemi wani ma'aikacin sa-kai na ƙungiyar Red Cross ya zo mana wata Asabar. Ya kawo mutum-mutumin roba, muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya muna danna ƙirji: sau 30, a hura numfashi sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ya ce idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, babu motar asibitin da za ta iso a wannan tazara, wanda ke kusa shi ne likitan farko. Ya nuna mana ba a watsa wa wutar lantarki ruwa, sai a fara kashe babban makunni. Ya gargaɗe mu kan kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. Mama ta zauna a gaba tun farko har ƙarshe, ita ma ta durƙusa ta danna. Kafin la'asar mun gama. Wuni guda ne kacal, kuma da kuɗin aljihunmu.

A daren muka rubuta wa hukumar makaranta takarda, muka nemi a horar da kowane wakili da kowane fota kafin a ba shi makulli, a cire sarƙar ƙofar baya, a cika akwatin magani, a sabunta lambobin allon sanarwa. Mu goma sha ɗaya muka sa hannu, ni aka wakilta na kai.

Amsar da aka ba mu, da yadda aka kira ni gaban kwamiti a kanta, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.