Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan Auta

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Alhamdulillahi, an sallamo ƙanenmu Auta daga asibiti. Yana gida a ɗakin Hajiya, yana cin abinci, yana hira, har ya fara yi wa yara faɗa a kan cajarsa. Karaya ce ya samu a sangalin ƙafar hagu, an yi masa aiki an sa ƙarfe, sai ƙujewa a kafaɗa da gwiwa. Hoton kai da na wuya duk sun fito lafiya lau. Na fara da wannan ne saboda labarin da ya riƙa yawo a WhatsApp a daren ya fi abin da ya auku muni nesa ba kusa ba, har wasu suka kira suna yi mana gaisuwa. Yana nan da ransa, kuma likita ya ce in Allah Ya so zai taka ƙafarsa.

A madadin Hajiya da duk 'yan gidanmu nake wannan rubutu. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Ba zan kama sunan kowa ba, domin da yawa daga cikinku ba za su so ba, amma kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su ji yadda aka yi ba: ɗaurin auren abokinmu muka je Daura a kan babura, mu 'yan unguwa da muka saba fita tare. A hanyar dawowa, bayan mun yi la'asar a Kazaure mun nufo Dambatta, akuya ta faɗo titi a guje daidai inda iska ta tara rairayi a bakin kwalta. Auta ya kauce mata, tayar gaba ta shiga rairayin, ya damƙe birkin hannu, babur ya zame ya kwanta masa a ƙafa, kansa ya daki kwalta. Ni ne ke biye da shi a kan nawa babur, a kan idona aka yi.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga Baba jagoran tafiyarmu ce, mutumin da ya fi kowa ba mu haushi da safiyar ranar. Baba ya yi acaɓa a Kano shekara da shekaru, har zuwa farkon 2013 da gwamnati ta hana goyo a babur, ya koma sayar da kayan gyara. Sharaɗinsa guda ne kafin ya yarda ya ja mu: sai ya duba kowa da babur ɗinsa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana matsa taya, yana taɓa sarƙa ya ji ko ta saki, yana sa a taka birki ya ga fitilar baya ta kama. Wanda ya cire madubai don gayu, ya ce ya je ya mayar. Wanda ya zo da silifas, ya ce ya koma ya sa takalmi sau-ciki. Ni kuma ya sa na naɗe babbar rigata na sa a jaka, ya ce in mun isa Daura na saka, don ya ga yadda sarƙa da tayar baya ke cafke bakin riga su fizgo mutum ƙasa.

Da ya zo kan Auta sai ya tsaya. Yaron bai daɗe da sayen Boxer ɗinsa ba, kuma ya zo da wata hular kwano mara nauyi, irin ta masu aikin gini, igiyarta na lilo. Baba ya ɗaga ta da yatsa ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan ta tare rana ce." Ya aika aka ɗauko tasa ta ajiya daga shago, mai rufe haɓa da gilashi a gaba, ya sa masa da hannunsa, ya ja igiyar har sai da yatsu biyu kawai ke iya shiga tsakaninta da haɓa. Auta ya kalle ni ya ce, "Yaya, wallahi zafi, ko numfashi ba na yi." Baba ya ce to ya zauna a gida ya sha iska. Muka yi dariya, wasu suna ƙunƙuni cewa ana ɓata mana lokaci, za mu rasa ɗaurin aure.

Hular tana nan a gidanmu yanzu, duk wanda ya zo dubiya sai na nuna masa. Gefen hagu ya goge har fentin ya tafi, wajen haɓa ya tsage, gilashin ya fita. Idan ka ɗaga soson ciki za ka ga farin abin nan mai kama da wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali, ya lotsa ya danne daidai saitin kunne. Shi ne ainihin hular. Kwanon waje yana hana kwalta ta ci fata ne, shi kuwa na cikin shi ke shanye bugu, kuma sau ɗaya yake yin wannan aiki. In ya lotsa ba ya dawowa. Shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ba a sake dogara da ita ko da waje bai nuna komai ba, kuma shi ya sa sayen ta gwanjo ke da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa hular kwano mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, ta rage na raunin kai da kusan kashi 70. A lura da "da aka ɗaure". Wadda aka ɗora kawai a ka, ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa.

Baba ya sha ba mu labarin farkon 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular, 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai, fasinjoji kuma suna gudun hular wai akwai asiri ko ƙwarƙwata a ciki. Yakan ba da labarin yana dariya, amma daga ƙarshe sai ya fara lissafa abokan sana'arsa da aka kai makwanci saboda bugun kai, a nan dariyar ke tsayawa. Mun rasa abin da za mu ba shi. Mun saya masa sabuwa a madadin tasa, ya karɓa da ƙyar, ya juya bayanta yana neman tambarin shaidar ingancin hula na ECE ko DOT, sannan ya ce ko tambarin ma ana buga na jabu, a riƙa duba kaurin cikin da ƙarfin igiya. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba.

Sai baiwar Allah ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga motar haya. Kafin in kafe babur ɗina mutane sun taru, kowa da niyyarsa ta alheri: wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, wani yana ƙoƙarin zare hular, wani ya kawo ruwan leda zai ɗura masa. Sai muka ji murya daga baya: "Bayin Allah, kada wanda ya ɗaga shi!" Ta ratso maza ta durƙusa a kan kwalta da hijabinta, ta riƙe kansa da hannu biyu don kada wuyan ya motsa, ta tambaye shi sunansa da inda ya fito, ta ce ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. Ta hana a cire hular tunda yana numfashi kuma ba ya amai. Ta hana ruwan, ta ce mai yiwuwa a shiga da shi tiyata. Ta sa aka samo sanduna biyu daga wani shinge, aka ɗaure ƙafar da rawanin wani dattijo da ya warware ya miƙo ba tare da an roƙa ba. Daga baya likita ya gaya mana cewa a irin wannan faɗuwa, ɗaukar gaggawa da ake yi wa mutum a naɗe shi a kujerar mota ita ke mayar da tsagewar ƙashin wuya shanyewar jiki. Na Auta bai tsage ba, amma a bakin titi babu wanda ya isa ya san haka. Direban motarsu yana ta danna ham, fasinjoji suna mita, ba ta tashi ba sai da ta ga an kwantar da shi a miƙe a kan katako. Hajiya ta ce in gaya miki tana sa ki a addu'a kowace asuba.

Muna godiya ga mutanen ƙauyen da abin ya faru a gabansu. Mai shayin da ya ciro benci ya ba da katakon, samarin da suka tsaya nesa a ɓangarorin biyu suna ɗaga ganye don tsayar da motoci, matan da suka aiko da tabarma da ruwan wanke jini. Har mai akuyar ya zo jikinsa na rawa yana ba da haƙuri. Malam, babu komai tsakaninmu, dabba ba ta san titi ba. Ga jami'an kiyaye haɗurra da suka amsa kiran 122, suka zo suka buɗe hanya, mun gode. Wanda bai da wannan lamba a wayarsa ya ajiye ta yau.

Waɗanda suka zaro waya suna ɗaukar bidiyo kuwa, yaro kwance cikin jini, har ya isa wayar Hajiya kafin mu kira ta, Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin farko sun karɓe shi ba tare da sun tsaya jiran kati ko takardar 'yan sanda ba. Haka dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, cewa ba a ƙin duba mai buƙatar gaggawa, amma duk mun san ba ko'ina ake samun haka ba, don haka yaba kyauta tukwici. Na Kano da suka yi aikin ƙafar, da masu shara da masu tura keke da ke yi wa Auta barkwanci da tsakar dare, Allah Ya biya ku. Abokansa na makaranta da suka yi layi don ba da jini, har aka ce ya isa wasu suka koma ba a ɗiba ba, kun nuna mana ku 'yan halak ne.

'Yan uwa da suka ba da shawarar a kai shi wurin mai ɗori, mun san ƙauna ce ta sa, kuma ba mu raina masu ɗori ba, gidanmu ma an sha amfana da su. Sai dai wannan karaya ta fasa fata, ƙashi ya leƙo, ƙasa ta shiga. Irinta sai an wanke a tiyata an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba ƙafar ke ruɓewa. Kawu, ka yi haƙuri da muka saɓa maka a wannan.

'Yan tafiyarmu, ban san ta inda zan fara ba. Kun haɗa kuɗin aiki kafin gari ya waye, kun raba kwanan asibiti a tsakaninku, bakanikenmu ya koma washegari ya ɗauko babur ɗin a bayan a-kori-kura bai karɓi ko sisi ba. Tsarin da Baba ya ɗora mu a kai ya yi rana: sababbin hannu a tsakiya, tsofaffi gaba da baya, tazara mai yawa, ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, ba a kai magariba a hanya. Tazarar nan ce ta ba ni damar tsayawa ban bi ta kansa ba, kuma gudun da aka ƙayyade mana ne ya sa abin ya tsaya a ƙafa.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya kuka faɗa, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Amma wanda ya koya mana imanin shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun jingine mota sun koma babur, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, kuma akasarinsu a lungu aboki ya koya musu cikin yamma ɗaya: ga kuloci, ga giya, ga birki, Allah Ya kiyaye. Babu wanda ya gaya musu cewa birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa a kan busasshiyar kwalta, kuma shi ne mai kayarwa a kan rairayi ko in an karya kan babur. Ana matsa shi ne a hankali tare da na ƙafa, ba a damƙe shi. Babu wanda ya gaya musu yadda iskar tirela ke jan ƙaramin babur, ko cewa mai babur ma yana da ajin lasisinsa, ajin A. Saboda haka Baba ya amince zai riƙa zuwa filin ƙwallon unguwa ranar Asabar bayan sallar asuba, duk mai sabon babur ya zo a gwada masa birki da kwana a kan ƙasa, kyauta. Sharaɗin shi ne dai wanda kuka sani, a zo da hula mai igiya da takalmi.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, amma a daure a zo bayan la'asar don yana samun barci da rana, kuma don Allah a bar kawo lemon kwalba, ɗakin Hajiya ya cika.

Saura mutum ɗaya. Direban farar motar ɗaukar kaya da ya sauke buhunan geronsa a bakin titi, ya bar yaronsa yana gadi, ya kwantar da Auta a baya ya kai mu asibiti yana tafiya a hankali saboda ramuka. Na shiga da mara lafiya, kafin in fito ya tafi, kuɗin man da abokina ya miƙa masa ma ya ƙi karɓa. Ya ce mana daga kasuwa yake, zai wuce wajen Kazaure. Duk wanda ya ji wani direba yana ba da labarin nan, don Allah ya isar masa da gaisuwar Hajiya, ya kuma yi mini magana ta akwatin saƙo, muna so mu je har gida.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu. Amin.