Abin da Randa Ta Koya Mini Game da Koyarwa

Na shiga aikin koyarwa da takardar NCE a hannu da kuma wani tunani a zuciya wanda ban taɓa furta wa kowa ba, wato cewa zan ɗan raɓa a nan ne kafin Allah ya kawo wani aikin. An tura ni wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, aka ba ni darasin kimiyya a aji ɗaya da aji biyu, kuma a kowane aji yara sun haura tamanin, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu kuma a bakin taga. Cikin 'yan makonni na gano hanyar da ta fi sauƙi ta cinye minti arba'in ɗin da aka ware wa kowane darasi. Sai in shiga, in cika allo da rubutu daga littafi, in ce su kwafa, in share in sake cikawa, idan an kusa kaɗa ƙararrawa in juyo in tambaya, "Kun gane?" Su kuma su amsa da murya ɗaya, "E, Malam." Na yi zango biyu cur a haka, littafin shirin darasina yana samun sa hannun mataimakin shugaban makaranta kowace Litinin, kuma babu wanda ya taɓa cewa na yi laifi.

Wanda ya fara tsayar da ni wani dattijon malamin lissafi ne da muke kira Baba Malam, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga tsofaffin kwalejojin horon malamai, ya kuma kusa yin ritaya a lokacin. Wata rana bayan tashin tara ya same ni a ɗakin malamai ina kaɗe alli daga hannun rigata, ya ce, "Ɗana, na wuce ta tagarka ɗazu. Me ka koyar?" Na faɗa masa kan darasin. Ya ce, "To, kai kanka abin ya ba ka sha'awa?" Na rasa amsar da zan ba shi, domin ban taɓa tsammanin wannan tambaya tana cikin aikin ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce mai tallar da bai yarda da kayansa ba muryarsa ce take tona shi, yara kuwa sun fi kowane mai ciniki kunne. Bai ƙara komai ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi ajinsa.

Maganar ta yi mini zafi, amma ta zauna. A mako na gaba manhaja ta kawo ni kan yadda ruwa yake komawa tururi ya bi iska, kuma a daren da ya kamata in kwafo bayanin littafi kamar kullum, sai na tsinci kaina ina tambayar kaina inda na taɓa ganin wannan abu da idona. Amsar tana tsakar gidanmu, a gindin bango, inda randar mahaifiyata take zaune tun ina yaro. Na sha ruwanta shekara da shekaru a tsakiyar bazara yana da sanyi kamar an sa ƙanƙara, na kuma ci jarrabawa a kan wannan darasi har sau biyu, amma ban taɓa haɗa abin da ke cikin littafi da abin da ke cikin moɗa ba. A daren nan na ji wani abu da na daɗe ban ji ba, irin zumuɗin da mutum yake yi idan ya samu labari yana ɗokin gari ya waye ya ba wani.

Da safe na aro tulu na ƙasa da bokitin roba, muka cika su da ruwan rijiya ɗaya kafin a shiga aji, muka ajiye su tare a inuwar darbejiya. Watan Maris ne, iska busasshiya, rana kuma tana dukan ƙasa. Da lokacin darasina ya yi bayan azahar ta gabato, ban rubuta komai a allo ba, sai na fito da ajin waje layi layi, kowa ya tsoma yatsa a bokiti sannan a tulu. Babu wanda ya yi mamakin cewa ruwan tulu ya fi sanyi, domin duk sun san haka daga gida. Abin da ya sa suka yi tsit shi ne da na ce, "Ruwa ɗaya ne, inuwa ɗaya ce, to ina zafin ruwan tulu ya tafi?" Wani ya ce ƙasa ce mai sanyi, sai na sa shi ya taɓa busasshen kasko da ke gefe, ya ji shi da ɗumi. Wani ya ce murfi ne, muka duba muka ga duka biyun a rufe suke. Can wata yarinya da take zama a bencin ƙarshe, wadda a zango biyu ban taɓa jin muryarta ba in ban da amsa kiran suna, ta ce a hankali, "Malam, tulun gumi yake yi kamar mutum."

Ta faɗi darasin gaba ɗaya a cikin jimla ɗaya. Jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan tukunya, kuma kafin wannan danshi ya koma tururi ya bi iska dole ne ya ɗebi zafi, sai ya ɗebe shi daga jikin tukunyar da ruwan da ke ciki. Roba ba ta da waɗannan ƙofofi, shi ya sa zafinta yake zama a ciki. Na sa kowa ya jiƙa bayan hannunsa ya hura, suka ji sanyin da kansu, daga nan kuma tambayoyi suka ɓarke ta yadda na kasa tsayar da su: ko shi ya sa ake jin sanyi bayan wanka, ko shi ya sa shanya take saurin bushewa da hunturu, ko shi ya sa ake yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma. An kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa.

A darasi na gaba na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, wanda ya ɗauki wannan ilimi na randa ya mayar da shi abin adana kayan lambu a ƙauyukan da babu lantarki. Ana sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai tumatir da yalo da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Na ga yadda fuskokinsu suka canja da suka ji cewa mutumin ɗan nan ƙasar ne, da yumɓu da yashi irin na bayan gidansu ya yi abin da duniya ta yaba. Har zuwa ranar, yawancinsu sun ɗauka kimiyya wata aba ce da ake yi a Turai da farar riga, mu kuma namu shi ne haddace sunayenta.

Abin da na fara fahimta a wannan mako shi ne, himmar da ake so malami ya shiga aji da ita ana haɗa ta ne tun kafin a shiga, a daren da mutum ya zauna da darasinsa har ya samo abin da ya ba shi kansa mamaki a ciki. Da na ɗauka hali ne da ake haifar wasu da shi, masu baki da iya ba da dariya, ni kuwa mutum ne mai sanyin magana. Baba Malam kansa ba ya ɗaga murya, amma idan yana warware lissafi a allo za ka rantse yau ya fara ganinsa, kuma yara suna bin allinsa da ido kamar masu kallon dambe.

Sai dai ban tsaya a daidai ba, na zarce. Daɗin da na ji a ranar tulu ya sa na mayar da kowane darasi abin kallo, yau mu fita waje, gobe in zo da madubi, jibi da maganaɗisu, kuma kusan duk bayanin da Hausa nake yin sa domin a nan ne hirar take armashi. Ajin ya cika da rai, har yaran wasu azuzuwa suna leƙowa ta taga. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, na zauna da takardunsu cikin dare, gabana ya faɗi. Yaran da suka yi mini bayanin gumin tulu tiryan-tiryan da baki sun bar gurbin amsar fayau, saboda tambayar da Turanci ta zo, kuma ban tsaya na tabbatar sun riƙe kalmar da ake kiran abin da ita ba, balle su iya gina jimla biyu a kanta. Laifin nawa ne, domin na san sarai cewa jarrabawar kammala aji uku, da ta WAEC da NECO da ke jiransu a gaba, duk da Turanci za su rubuta su. Na ba su sha'awa, na bar su ba makami.

Daga nan na canja tsarin minti arba'in ɗina. Muna fara da abin da ido zai gani ko hannu zai taɓa, mu tattauna shi da harshen da suke tunani da shi har sai na ji bayanin ya fito daga bakinsu, sannan in rubuta kalmomin Turanci uku ko huɗu na darasin a allo, mu furta su, kowa kuma ya rubuta abin da ya gane da jimlolinsa a minti goma na ƙarshe. Rubutun da nake ba su su kwafa ya ragu ƙwarai, amma duba littattafai ya ƙaru, kuma wannan shi ne ɓangaren aikin da babu mai tafa wa malami a kansa. Duba littafi tamanin da jan biro bayan la'asar, ana gyara jimla ɗaya da aka karya ta hanya tamanin, yana buƙatar son aikin fiye da tsayawa gaban aji da tulu.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a hankali, wato yadda amsar kuskure take yanke hukuncin rayuwar aji. Yarinyar nan ta bencin ƙarshe ta gaya mini daga baya cewa ta daina ɗaga hannu ne tun a firamare, ranar da ta ba da amsa aka yi mata dariya har da malamin. Yaron da ya san kuskure zai jawo masa bulala ko ihun 'yan aji ba zai yi kasadar yin tunani a fili ba, komai ƙoƙarin malami wajen ƙawata darasi. Saboda haka na kafa doka ɗaya da ban taɓa sassautawa ba, cewa ba a yi wa mai amsa dariya, kuma na koyi karɓar amsar da ba daidai ba in juya ta ta zama tambaya ta gaba, kamar yadda kaskon nan ya amsa wa mai cewa ƙasa ce mai sanyi. Na kuma koyi cewa "Ban sani ba, amma zan bincika" a gaban yara, abin da da nake gani zubar da girma ne. Sharaɗinsa kawai shi ne in dawo da amsar, domin ba sa mantawa.

Ba zan ɓoye cewa akwai watannin da wannan himma take dushewa ba. Idan albashi ya yi jinkiri, ga kuɗin haya, ga ɗakin gwaje-gwaje da babu komai a cikinsa sai ƙura, mutum yakan ji kamar ya koma wa cika allo ya huta, kuma ina ganin rashin adalci ne a riƙa yi wa malami wa'azin sadaukarwa alhali ba a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci ba. Tun daga shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976 zuwa shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, na 1999 an buɗe ƙofar makaranta ga yara masu yawa, wanda alheri ne babba, amma yawan malamai da darajarsu ba su bi wannan sawu ba. A wannan yanki namu na Arewa ne fa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari duk suka riƙe alli kafin su riƙe jama'a, a zamanin da kalmar malamin makaranta take sa a tashi tsaye. Ina tuna wannan ba don ya biya mini bukata ba, sai don ya tuna mini nauyin kujerar da nake kai, da kuma cewa yaran da ke gabana ba su ne suka riƙe mini albashi ba.

Baba Malam ya yi ritaya a ƙarshen wannan shekara, ni kuma aikin da nake jira ya zo daga baya ban tafi ba. A farkon sabon zango, cikin watan Satumba, ana sauran ruwan damina, yaron nan da ya taɓa cewa ƙasa ce mai sanyi ya tare ni a bakin ɗakin malamai tun kafin a yi taron safe. Ya ce, "Malam, na lura da randar gidanmu duk hutun nan. Da damina ruwanta ba ya sanyi kamar na bazara. Ko don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa ne, ba ta karɓar gumin?" Babu wanda ya ba shi wannan aiki, kuma ba ya cikin manhajar ajinsu na bana. Na ce masa ya je ya kira sauran, ni kuma na nufi ofishin shugaban makaranta in roƙi aron ma'aunin zafi guda ɗaya da muke da shi, domin mu auna ruwan tulun a ranar, mu rubuta, mu ajiye takardar har Maris ya zagayo mu sake aunawa.