Ni da jitata da 'yan majalisarmu

Ranar Asabar da daddare ana tsakiyar waƙa tsirkiyar jitata ta tsinke, waccan siririyar ta can ƙasa, kafin in buɗe baki abokina tela ya ce "to Alhaji a nemo wayar burkin keke mana irin na da", muka kwashe da dariya har shayi ya sarƙe direba. Yaran da ke zaune gefe ba su gane abin dariyar ba. Ai da gaske mun taɓa yi, mu warware wayar burki mu zare sili ɗaya mu ɗaura, sautin dai ga shi nan kamar kukan sauro amma ana maleji, shi kuma ɗan yatsa ya sha yanka.

A 1992 na sayi jitar nan a Sabon Garin Zariya hannun wani mai kiɗa a coci, kwance ce, wuyanta ma ya ɗan lanƙwashe. Ban isa in shiga da ita gida ba, domin Baba Allah ya jiƙansa ya sha faɗa cewa gidanmu ba gidan roƙo bane, a wajensa duk wanda ya riƙe abin kiɗa maroƙi ne ko da kuwa bai roƙi kowa sisi ba. Sai na ɓoye ta a shagon tela bayan buhun ƙyallaye, kusan shekara uku tana can. Inna ce ta fara ganowa, wata rana ina miƙa mata kuɗin cefane ta kama hannuna na hagu ta ga kanta a kan yatsu huɗu, ta kalle ni ta ce "kai dai ka bi a hankali kar Malam ya ji", daga nan ba ta sake tada maganar ba.

Mu biyar ne muka fara, ni da tela da direba da wani malamin firamare da mai gyaran rediyo. Babu wanda ya koya mana, kaset muke sawa mu mayar baya da biro mu sake ji har batir ya mutu. Kuma ba waƙar Turawa muke bi ba, namu na gargajiya muke ƙoƙarin ɗorawa kan jita, a nan ne na san Ɗan Maraya Jos ba ƙaramin mutum bane. Kuntigi fa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, amma ni da tsirkiya shida sai in kwana ina lalube ban kamo abin da yake yi da yatsa ba, ga shi yana waƙar karen mota da lebura da rigimar mata da miji kamar a unguwarku ya kwana. Ranar da ya rasu a watan Yunin 2015 mun taru ba a taɓa jita ba, kaset ɗinsa kawai muka saka.

Shata kam mun haƙura da shi tun da wuri. Kiɗansa na kalangu ne, kalangu kuma magana yake yi, jita ba ta iya wannan lanƙwasar, in ka matsa sai abin ya koma wani iri. Abin da muka ɗauka a wajensa amshi ne, ni in ja baiti su huɗu su amsa, malamin firamare kullum yana riga kowa shiga, shekara talatin da wani abu an kasa gyara shi.

Direba ne ya canza mana hannu. Yana lodin Maraɗi wani lokaci har Agadas, sai ya dawo mana da kaset na Buzaye, jita da tafi kawai babu tarkace, daga baya muka samu na Ali Farka Toure mutumin Niafunke ta ƙasar Mali wanda ya rasu a 2006. Wallahi ranar da na fara jinsa cewa nayi wannan ai gurmi ne da molo aka mayar kan jita, ashe abin da muke ta wahalar nema wasu sun daɗe da samu. Tun daga nan na rage bugun duka tsirkiyoyin a tare, na koma tsinka ɗaya-ɗaya da babban yatsa da manuni.

Yanzu saura mu huɗu, mai gyaran rediyo ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta masa, shi ne mai muryar ƙasa a amshi kuma har yau in an zo wajen da yake shiga sai a ji wurin wayam, tela yakan gwada cikewa amma muryarsa siririya ce. Ɗan tela na ta damunmu wai "Baba ku bari in ɗauke ku in sa a TikTok", direba ya ce shi da jikoki bakwai ba za a ganshi yana tafi a waya ba. Na dai aiki yaron ya samo min sabbin tsirkiyoyi saiti guda kafin Asabar, na kuma ja masa kunne kar ya kawo min na roba.