Kalmar da nake sa wa jan biro

Shagona na fassara da buga takardu ne a Kano, mu huɗu muke aiki. Abin da ya fi zuwa mana takardun kotu ne, da wasiƙun ofis, da 'yar takardar nan da ake naɗewa cikin kwalin magani. A duk Turancin da ke bi ta teburina, babu kalmar da nake taka-tsantsan da ita kamar "relieve".

Asalinta daga Latin ne, ta biyo ta Faransanci, ma'anarta ɗaga nauyi. To amma wane nauyi, kuma daga kan wa? A takardar farasitamol, mukan rubuta "yana rage raɗaɗi", ba ma taɓa cewa "yana warkarwa", domin wanda ya ji an ce warkewa ba zai koma asibiti ba. In ma'aikaciyar jinya ce ta zo da dare, ta karɓi abokiyar aikinta ke nan. In mutum ya yi wa kansa, ya kewaya ne kawai. A kotu kuwa, 'yar'uwarta "relief" ita ce abin da mai ƙara yake roƙon alƙali ya ba shi.

Wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne mai gadi da ya kawo wasiƙa daga wurin aikinsa. Yaron da na ɗauka sabo ya ga "relieved of your duties", ya ce masa an sauƙaƙa masa aiki. Dattijon har ya fara hamdala, yana cewa dama gwiwoyinsa sun gaji da gadin dare. Na karɓi takardar, na ga a ƙasa an ce ya mayar da makullai da tocila kafin Juma'a.

Na jawo kujera kusa da shi, na ce, "Baba, sai haƙuri. Sallamarka aka yi."

Ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, ɗana."

Ban ga laifin yaron sosai ba, ma'anar farko ta ƙamus ya ɗauka. Haushina na kan masu lulluɓe kora da lafazi mai taushi ga mutumin da sun san ba ya jin Turanci. A ranar muka rubuta wa Baba takardar neman haƙƙoƙinsa, ban karɓi ko sisi ba. Tun daga nan, duk takardar da kalmar ta fito a ciki, sai an ja mata layi da jan biro an kawo mini kafin a faɗa wa mai ita komai.