Yadda ƙanƙara ta cinye mini kan yatsu

Ƙannena masu sauke katan-katan na kifi da masu fasa ƙanƙara, da ku nake. Ina da shekara 15 kawuna ya sa ni aiki a ɗakin sanyinsa nan Maraɗi, inda ake ajiye kifi da kajin da ake kawowa daga Kwatano. Sanyin ciki digiri 18 ne ƙasa da sifili, a waje kuma zafin bazara ya haura 40, don haka shiga ciki hutu muka ɗauke shi. Akwai safar hannu, na ƙi sawa, wai tana rage sauri.

Yatsuna sukan yi fari fat su mutu, sannan su yi shuɗi-shuɗi, in jini ya dawo su yi ja suna zogi. Sai in ruga wajen mai shayi in kara su a wuta ina murzawa, in kunna taba. Ashe duk ukun cuta nake ƙara wa kaina. Hannun da ba ya ji yakan ƙone ba ka sani ba, murza tana ɓata naman da ya daskare, taba kuma tana ƙara tsuke jijiyoyin da sanyi ya riga ya matse. Ruwan ɗumi ake so, digiri 37 zuwa 39, a tsoma hannu har jini ya dawo, kuma kada a koma cikin sanyi nan take.

Da farcen manuniyata da na ɗan yatsan tsakiya suka gajarce, suka yi faɗi suka lanƙwashe, sai na riƙa ɓoye hannu a aljihu, shekaru, don tsoron a ce kuturta ce. Wannan jinkirin shi ya fi ci mini rai har yau. Ranar da na je asibiti likita ya yi gwajin kuturta da na suga, babu. Hoton ƙashi ne ya nuna: ƙashin kan yatsun ya zaizaye kamar guntun sabulu. Ya ce ƙashin da jini ya daina isa sosai jiki yakan shanye shi, farce kuma ya rasa abin da zai zauna a kai. Abin da ya tafi ba ya dawowa. A yaro mai tasowa ma sanyin kan kashe wurin da ƙashin ke tsawo.

Azumi na tafe, kasuwar ƙanƙara za ta buɗe. Ku sa safa busasshiya, in ta jiƙe ku canza, kuma duk wanda yatsunsa suka fara yin fari ya je a duba shi a makon. Ni yanzu ranar Juma'a ɗiyata ce ke saka mini maɓallin wuyan riga.