Talata, sin ɗin shara

Da safe lafiya lau. Wuta ta zauna, na gama daidaita launin kashi na 8 na fim ɗin da nake tacewa kafin azahar, har na ci ɗanwake da zafinsa.

Bayan la'asar Alhaji, furodusan fim ɗin, ya shigo riƙe da waya, ya nuna min layin nan na YouTube da ke faɗin inda masu kallo suke tsallakewa. Duk inda aka yi shiru a kashi na 7, layin ya yi ƙasa. Ya ce, "Malam, sin ɗin sharar nan na kashi na 9, a mai da shi daƙiƙa 20, a sa kiɗa."

Sin ɗin, wato wannan fitowar a cikin fim ɗin, daƙiƙa 90 ne. An kai amarya, 'yan biki sun watse, uwar ta fito tana share tsakar gida, ba ta ce uffan ba. Darakta ya ɗauke shi daga nesa, ɗauka ɗaya, babu hoton fuska na kusa da za a tsallaka zuwa gare shi. In aka yanke tsakiya, matar za ta yi tsalle daga bakin rijiya zuwa ƙofar ɗaki. Kuma sai a daƙiƙa ta 70 take tsintar ɗankunnen yarinyar a cikin sharar. Wanda bai zauna da ita tun farko ba, tsintar ba za ta taɓa shi ba. Ƙarar tsintsiyar ma, sai da aka kashe janareta aka ɗauke ta daban. Kiɗa zai binne ta.

Na ce, "Alhaji, a ba ni zuwa gobe." Ya ce shi ma yana son sin ɗin, amma da kuɗin talla ake biyan 'yan wasa da hayar kamara. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Zamanin da ake sayar da faifai a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano waƙa ce ke sayar da fim, yanzu kuma layin nan.

Abin da zai yiwu: a rage shigowarta, ya koma daƙiƙa 65. Tallar da YouTube ke sakawa a tsakiyar fim kuma a sa ta da hannu bayan sin ɗin, don in aka bar wa na'ura, gurbin shiru take nema ta faɗa.

Ban kira darakta ba tukuna. Ƙarfe 11, an ɗauke wuta, sauro.